Tsohon jirgi ko na zamani: amsa ga Alhajin da ke son shiga Bahar Maliya

Wani ɗan'uwa mazaunin Jidda ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya yi shekara biyu yana koyon tuƙa jirgin ruwa mai tafiya da iska a Ubhur, arewacin Jidda, yanzu kuma yana son ya mallaki nasa. Jirage biyu ya samu. Na farko ƙirar 1982 ne, tsawonsa ƙafa 36, mai nauyi, an shimfiɗa masa katako a bisa, injinsa ma na asali ne. Na biyu ƙirar 2013 ne daga Faransa, ƙafa 40, ɗaki uku, ya yi shekaru yana aikin haya a Girka. Kuɗin tsohon bai fi rabin na sabon ba. Burinsa shi ne fita ƙarshen mako da Hajiya da yara uku, hutun Sallah ya leƙa Yanbu ko tsibiran kudu, wata rana kuma, idan Allah ya kawo zaman lafiya a Sudan, ya tsallaka Sawakin, inda kakansa ya hau jirgi zuwa aikin Hajji. Wanne zai ɗauka?

Alhaji, Allah ya sa a saya a sa'a. Ni a Bur Sudan aka haife ni, a can na fara da wanke jiragen masu kai Turawa nitso Sanganeb da Sha'ab Rumi, har na zama rayyis, wato shugaban jirgi, yanzu kuma gyara da duba jirage nake yi a nan Jidda. Zan faɗa maka ra'ayina tun daga farko don kada in ja ka da nisa: ga irin tafiyar da ka zayyana, na 2013 ya fi dacewa da kai, amma da sharaɗi ɗaya mai nauyi da zan zo kansa. Idan sharaɗin bai cika ba, ka bar su duka biyun, kasuwa ba ta watse ba.

Na san abin da ake faɗa maka a bakin marina, wurin da ake ɗaure jirage. Tsofaffin ma'aikata za su ce tsohuwar zuma da ita ake magani, jiragen da an yi su da faiba mai kauri, na yanzu kuwa kwanon roba ne. Akwai gaskiya a ciki. Lokacin da aka fara ƙera jiragen faiba da yawa, ƙarshen shekarun 1950, masu ƙira ba su gama sanin ƙarfin abin ba, sai suka riƙa lafta shi. Amma kauri daban, inganci daban. Na sha huda jikin tsohon jirgi in tarar da zaren faiba a bushe, ƙaron bai ratsa shi ba, ko kuma kumfa a ciki. Kuma ba kowane tsohon jirgi aka yi don teku mai fushi ba. A watan Agustan 1979 an yi tseren Fastnet daga Ingila, jirage 303 suka tashi, guguwa ta same su, mutum 15 daga cikin masu tseren suka rasu. Da yawa daga jiragen da suka kife ƙirar wannan zamanin ne, marasa nauyi, masu faɗin ciki da tsukakkun baki, waɗanda aka zana don cin tsere. A wannan guguwar kuma wani ƙaramin jirgi ƙirar Contessa 32 ya kai ƙarshe, shi kaɗai a ajinsa. Zamani ɗaya ne ya haifi wannan ya haifi waɗancan. Saboda haka in an ce maka jirgi na 1982 ne, ba a gaya maka komai ba tukuna.

Bari mu sauka ƙarƙashin ruwa, don a can ne bambancin gaskiya yake.

Kowane jirgin shira'i, wato mai babban ƙyallen da iska ke turawa, yana da nauyi a ƙasansa wanda ke hana iska kifar da shi, shi ake kira kil. A tsohon naka, bisa yadda ka kwatanta, kil ɗin dogo ne, ya bi tsawon cikin jirgin, kuma dalma ko ƙarfen da ke ba shi nauyi a cikin jikin faibar aka zuba shi aka rufe. Daffa, wato matuƙin da ke ƙarƙashin ruwa, a bayan kil ɗin take a rataye, yana kare ta. A na 2013 kuwa kil ɗin siriri ne mai zurfi kamar fiffiken kifi, baƙin ƙarfe ne da aka ɗaura da manyan kusoshi daga waje, daffar kuma tsaye take ita kaɗai a kan sanda ɗaya, babu abin da ke gabanta.

A Bahar Rum wannan bambanci bai cika damun mutane ba. A Bahar Maliya kuwa dole ya dame ka, saboda sha'ab. Duwatsun murjaninmu ba sa yin sallama. Na'urar auna zurfi za ta nuna maka ba ta ma jin ƙasa, kafin ka ajiye kofin shayi dutse na gaban hancinka, don sha'ab a tsaye yake tasowa kamar bango. Taswirorin wasu wurare ma tsofaffin awo ne, abin da ke kan allo da abin da ke cikin ruwa ba koyaushe suke haɗuwa ba. Duk wanda ya daɗe a tekun nan ya taɓa gogar dutse, wanda ya ce bai taɓa ba, to bai yi nisa da marina ba. Ni kaina na hau sha'ab da wani tsohon jirgi mai dogon kil a kudancin Bur Sudan, da la'asar sakaliya, rana na dukan idona. Jirgin ya hau, ya zame, ya tsaya. Muka kai anga baya da ƙaramin kwalekwale muka janyo shi. Da aka ɗaga shi daga baya, karce ne da ɗan ɓarewar faiba, aikin kwana uku. Da siririn kil ne, da labarin ya bambanta. Idan irin wannan kil ya daki dutse da gudu, ƙasansa yakan tsaya cak, jirgin kuma yana son ci gaba, sai gefen bayan kil ɗin ya tokari cikin jirgin sama, gefen gaba ya ja ƙasa. Jiragen zamani da yawa suna da wani ƙashi na faiba mai kama da raga da ake mannawa a cikin jikinsu da gam don ya ɗauki wannan nauyi. Duka ɗaya mai ƙarfi yana iya ɓalle mannin ba tare da ido ya gani ba. A watan Mayun 2014 wani jirgi mai suna Cheeki Rafiki, ƙafa 40, yana komawa Ingila daga Antigua, kil ɗinsa ya cire a tsakiyar Atlantika, mutum huɗu suka rasu. Masu binciken Ingila sun karkata ga cewa gogar ƙasa da ya yi a baya ta raunana wannan manni.

To ga sharaɗina nan. Jirgin da ya yi aikin haya a Girka, hannu nawa ne suka tuƙa shi? Kowane mako sabon baƙo, wasu ranar suka fara riƙe sitiyari, kuma wanda ya gogi dutse ba lalle ya faɗa ba, don kada a riƙe masa kuɗin jingina. Kada ka yi cinikin biri a sama. A ɗaga jirgin daga ruwa, ka ɗauko mai bincike naka, wanda kai ka biya shi, ba wanda dillali ya kawo ba. A ɗage allunan ƙasa duka, a dubi wannan raga da fitila, a ƙwanƙwasa ta da ƙaramar guduma a ji inda sauti ya mutu. A dubi kusoshin kil, a dubi layin da kil ya haɗu da jiki ko akwai tsaga ko jan ruwan tsatsa. Yayin da jirgin ke rataye a majanyi, a sauke shi a hankali kan kil ɗinsa a ga ko cikin yana lotsawa. Idan aka ga sabon fenti a wuri ɗaya kawai a ƙarƙashin alluna, ka tambayi dalili. In mai jirgi ya hana ɗayan waɗannan, ka gode masa ka tafi.

Za ka ce, tunda haka ne, me ya sa ban ce ka ɗauki tsohon ba? Iska ce dalili na farko.

Daga Jidda zuwa arewa, iskar Bahar Maliya daga arewa maso yamma take busowa kusan duk shekara. A kudu ne take juyawa da damina da rani: lokacin sanyi takan zo daga kudu, har su yi karo da ta arewa wajejen kudancin Bur Sudan. Ma'anar wannan a gare ka ita ce tafiyar Yanbu, mil na teku kusan 170, gaba da iska za ka yi ta. In kuma kudu ka nufa, wajen Al-Lis da tsibiran da ke gabanta, tafiya daɗi, dawowa wahala. Raƙuman ruwanmu kuma gajeru ne masu tsayi, suna bin juna kusa da kusa, ba irin dogayen raƙuman babban teku da jirgi ke hawa ya sauka a natse ba. Jirgi mai dogon kil da nauyi ba ya iya kusantar iska sosai, yana kuma zamewa gefe, sai ka yini kana kai da komowa ƙasa ba ta matsowa. Siririn kil mai zurfi shi ne gwanin wannan aiki. Gaskiya ne, na zamanin yana da shimfiɗaɗɗen ciki a gaba, yakan faɗo kan ruwa da ƙara kamar an mari ƙofa, har Hajiya ta fara salati, tsohon kuwa yanka ruwan yake yi a hankali, jiki bai cika jigata ba. Wannan lada ce ta tsohon, ban hana shi ba. Maganin na zamanin shi ne a rage shira'i da wuri, a ɗan kauce wa iskar kaɗan, kada a bar shi ya kwanta da yawa, don faɗin bayansa yana sa shi ƙin jin daffa in ya karkata.

Sai gudu, wanda a nan ba alfahari ba ne. Jirgi irin waɗannan, iyakar gudunsa tana bin tsawon sashen da ke cikin ruwa. Lissafin da aka saba shi ne a ɗauki tushen wannan tsawo da ƙafa, wato lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da tsawon, a ninka da 1.34. Wanda ƙafa 25 ke cikin ruwa zai tsaya wajen mil 6.7 a awa, mai ƙafa 36 wajen mil 8. Tsofaffin jirage suna da dogon hanci da bayan da suka tashi sama da ruwa, don haka mai ƙafa 36 a takarda yana iya zama ƙasa da 30 a ruwa, na zamani kuwa kusan duk tsawonsa a ruwa yake. Abin da ya sa wannan ya shafe ka: ba a shiga marsa, wato 'yan mashigun da ke tsakanin duwatsu, sai rana tana sama, daga hantsi zuwa bayan azahar kaɗan, kuma tana bayanka, lokacin da launin ruwa ke nuna maka shuɗi mai duhu a zurfi, kore a kan yashi, ruwan ƙasa a kan dutse. Wanda ya makara da awa biyu, ko dai ya kwana a waje yana shawagi da yara a ciki, ko ya yi irin gangancin da na yi. Tsallakawa daga Jidda zuwa Bur Sudan kuwa mil 160 ne ko kusa da haka. Da gudun mil 5 awa 32 ke nan, da 6 da rabi kwana ɗaya da kusan minti 40.

Dalili na biyu zafi ne da iyali. Yawancin tsofaffin jiragen nan a arewacin Turai ko Amurka aka zana su, inda abin tsoro shi ne sanyi. Tagogi ƙanana, katako mai duhu, ciki kamar rumbu. A watan Yuli a Ubhur ba mai iya kwana a ciki. Katakon da aka shimfiɗa a bisa, wanda Larabawa ke kira saj, da rana tsaka ba ya takuwa da ƙafa ba takalmi. Na 2013 yana da ƙofofin sama da yawa da iska ke ratsawa, wurin zama mai faɗi a baya da za a yi wa rumfa, da dandamalin da yara za su sauka ruwa su hau ba tare da an ciccibe su ba. Ɗaki uku da banɗaki biyu kuma ba almubazzaranci ba ne a gidan Bahaushe: ranar da ka gayyaci aboki ko ƙaninka, Hajiya tana da inda za ta shige ta rufe ƙofa. Ka tuna, in iyali ba su ji daɗin fita ta farko da ta biyu ba, ta uku kai kaɗai za ka yi, ta goma kuma jirgin na ɗaure yana cin kuɗin marina. Akwai ma wurin shimfiɗa darduma a tsaye. Alƙibla dai sai ka riƙa duba kamfas, don jirgi a kan anga juyawa yake da iska, ka kabbara kana fuskantar Makka ka sallame kana kallon Sudan.

A wajen shiga da fita marina ma, mai dogon kil in aka sa shi baya, inda ya ga dama yake zuwa, farfela na jan gindinsa gefe guda. Mai shekara biyu da fara tuƙi zai sha kunya da biyan fentin maƙwabta. Na zamani kamar mota yake juyawa.

Yanzu kuɗi, inda mutane suka fi ruɗuwa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Jirgin da ya haura shekara 40, jikinsa na iya zama lafiya lau, amma duk abin da aka ɗaura masa yana da wa'adi. Wayoyin da ke riƙe da sari, wato dogon sandan shira'i, ana sauya su duk bayan shekara goma ko kusa da haka, kamfanonin inshora da yawa ma sai sun ga takardar hakan. Ƙarafan da waɗannan wayoyi ke kamawa suna ratsa bene su shige cikin jiki, a daidai inda ido ba ya kai, kuma ƙarfen da ake cewa ba ya tsatsa, in ya zauna cikin ruwan gishiri inda iska ba ta shiga, daga ciki yake rubewa ya karye ba gargaɗi. Ruwanmu kuwa ya fi na yawancin tekuna gishiri, kusan kashi 40 cikin dubu, alhali na babban teku 35 ne, ga ɗumi, komai da sauri yake ci. Shimfiɗar katakon nan ta 1982, da ɗaruruwan sukurori aka kafa ta, kowane sukuru ƙofa ce ga ruwa. A ƙarƙashinta yawanci akwai wani katako mara nauyi da aka saka tsakanin faiba biyu don bene ya yi ƙarfi. In ruwa ya kai gare shi, sai ya zama kamar dusa. Ka taka ko'ina a bisa da dugaduganka, inda ya yi laushi, kuɗi ne ke kiranka. Cire wannan katako da gyara abin da ke ƙasa yana daga cikin ayyuka mafi tsada a jirgi. Ƙara da tankunan mai da na ruwa, waɗanda a wasu tsofaffin jirage sai an farfasa kayan ɗaki kafin a fito da su, da wayoyin lantarki da masu jirgin biyar suka yi wa ƙari kowa da son ransa, da ƙurajen da ke fitowa a jikin faiba ƙarƙashin ruwa, waɗanda ruwa mai ɗumi ke hanzartawa. In ka tara waɗannan, rabin kuɗin da ka ɗauka ka rage zai iya ƙarewa, kuma ranar da za ka sayar ba mai mayar maka da su.

Inji kam zan yi wa tsohon adalci. In Perkins ne irin na wancan zamani, ɗan'uwan injin tarakta ne da janareta, bakaniken dizal na Bur Sudan ko na unguwar masana'antu a Jidda zai kwance shi ya ɗaura. Yana ɗigar mai, yana hayaƙi, amma yana tafiya. Na 2013 zai zo da Yanmar ko Volvo Penta, masu tsabta da shiru, sai dai kayan gyaransu da tsada, wani lokaci sai an yi odar su an jira. Ka duba awannin da ya yi, don jirgin haya da inji ya fi tafiya, ba da shira'i ba. Idan farfelarsa irin mai ƙafa ce da ke fita ta wani rami a cikin jirgin, akwai robar da ke toshe ramin, Volvo sun ce a sauya ta duk shekara bakwai, kuma da wuya ka sami kamfanin haya da ya yi. Bawul-bawul ɗin da ke jikin jirgi ƙarƙashin ruwa su ma a kankare su a gani: tagullar da ta koma ja-ja ta mutu, tana iya karyewa a hannunka. Waɗannan, da wayoyin sari, da shira'an da rana ta cinye, ka sa su cikin lissafi tun kafin ka yi tayi, ka rage su daga farashi. Za a nuna maka alamar cewa jirgin ajin A ne a ƙa'idar Tarayyar Turai, wadda ta zama dole tun 1998. Wannan shaida ce kan yadda aka zana shi ranar da ya fito daga masana'anta, ba ta san abin da baƙi suka yi da shi a Girka ba.

Kada ka manta da kawo shi. Daga Girka sai an bi ta Suwez, da kuɗin wakili da na mashigi, da wanda zai tuƙo maka shi in ba za ka iya ba, sannan kwastan da harajin kashi 15 da ake karɓa a Saudiyya tun 2020, da rajista, da izinin fita daga Haras al-Hudud, wato jami'an tsaron iyaka. Ka fara zama da wanda ya san takardun nan kafin ka biya ko riyal ɗaya na kafin alƙalami.

Akwai mutumin da zan ce wa ya ɗauki tsohon ba tare da na yi jinkiri ba: wanda zai zauna cikin jirgin watanni, shi da mutum ɗaya, yana bin marsa-marsan Sudan daga Sawakin zuwa Dungunab inda babu majanyi babu kanti, wanda hannunsa ya saba da sifana, kuma wanda ya sami jirgin da mai shi na baya ya riga ya sauya inji da wayoyi da tankuna yana da rasit a hannu. Irin wannan jirgi alheri ne, wani ya biya kai ka mora. Naka ba shi ba ne, tunda ka ce injin na asali ne, katakon ma na asali. Kai kuma ma'aikaci ne mai Juma'a da Asabar kawai. In ka saye shi, shekara biyun farko a kan tudu za ka yi su da takardar goge katako, yara kuma suna girma.

Don haka ka tura a ɗaga na 2013. In ragar cikinsa da kusoshin kil suka fito lafiya, ka yi ciniki, ka ware wani abu mai kauri a gefe don gyaran shekarar farko, ka ƙara masa sarƙar anga mai tsawo, don marsa-marsanmu suna da zurfi kuma igiya ba ta kwana a kan murjani. Ka saya wa babban ɗanka tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, ka koya masa tsayawa a hancin jirgi yana nuna maka launin ruwa da hannu. Ranar da za a ɗaga jirgin kuma, in za ka iya, ka je da kanka ka tsaya a ƙarƙashinsa, ka turo mini hotunan layin kil ɗin ta gefe biyu da na ƙarƙashin alluna in duba maka.